Barka da Sallah daga Fort Wayne, da maganar allon Baba

Zuwa ga Inna, da Yaya, da Auta, da duk mutanen gida.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina yi muku barka da Sallah. Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya maimaita mana, Ya jiƙan Baba, Ya kai haske kabarinsa. Inna, ina fatan ƙafar ta yi sauƙi har kun samu zuwa idi. Yaya ya gaya mini kuɗin layya sun iso a kan kari kuma an samu rago mai kyau, alhamdu lillahi.

Mu ma mun yi tamu Sallar daidai gwargwado. Garin nan akwai Musulmi 'yan ƙasar Bama (Myanmar) da yawa, ga mutanen Darfur da na Chadi, da su muka yi sahu. Bayan an sauko muka fita wata gona a bayan gari muka yi yanka, da yake ba a yanka dabba a ƙofar gida a nan. An ci an sha, amma babu hawa, babu yara masu yawon Sallah, washegari kuma kowa ya koma bakin aikinsa.

Abin da ya sa na zauna na rubuta takarda maimakon in tsaya ga waya shi ne maganar da Auta ya kawo mini. Ya ce da ake sharar ɗakin ajiya saboda Sallah an fito da tsohon allon tallar man Mobil ɗin nan na gidan man da Baba ya yi aiki, mai jan doki mai fukafukai, da gwangwanayen baƙin mai, kuma wani ɗan jari-bola ya taya su a kan kilo. Shi kuma Auta ya ga wani bidiyo da ke cewa irin waɗannan kaya miliyoyi suke yi a Amurka. To wannan ita ce sana'ar da nake ci da ita, gara in yi muku bayaninta a tsanake, kada a yi asara ta kowane ɓangare.

Kun san ina aiki a shagon wani dattijo da ke gyaran tsofaffin famfunan mai. Sana'ar ta dace da garin, domin a nan Fort Wayne ne wani mai suna Sylvanus Bowser ya fara sayar da famfon awon kananzir a 1885, kuma a nan kamfanonin Wayne da Tokheim suka yi ta ƙera famfuna shekara da shekaru. Wanda aka fi kawo mana shi ne na shekarun 1920, dogo mai tulun gilashi a sama. Mai sayarwa zai yi ta buga hannun famfon har fetur ya hau ya cika gilashin, galan goma, mai mota yana kallon launin man da yawansa da idonsa, sannan a buɗe ya gangara cikin tanki. Da famfo mai lantarki da ke lissafa kuɗi da kansa ya shigo a shekarun 1930, sai aka yi ta tura waɗancan bayan gonaki. Yau su ne ake nema da kuɗi, a kafa a gareji ko a falo.

Amma sarkin kasuwar shi ne allo. Ba fenti ba ne a jikinsa, garin gilashi ne ake shafawa a kan ƙarfe a gasa a wuta, launi bayan launi, irin shafen da ke jikin langa da kwanonin jeren Inna. Shi ya sa rana ba ta cin launinsa, amma in dutse ya same shi sai ya ɓantare, tsatsa ta shiga ta wurin. An yi su da yawa, sai dai a lokacin yaƙin duniya na biyu an tattara tarin ƙarafa an narkar don ƙera makamai, alluna da dama sun tafi a ciki. Waɗanda suka tsira, wasu yara sun koyi harbi a kansu, wasu an toshe rufin rumbu da su. Daga baya roba ta zo ta kashe sana'ar. Abin da ya rage da kyansa kaɗan ne, kuma ba za a ƙara yin wani ba.

Bidiyon da Auta ya gani ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. A watan Agustan 2022 gidan gwanjo na Richmond Auctions da ke Greenville a jihar South Carolina ya sayar da allo guda ɗaya na man Musgo a kan dala miliyan 1.5. Amma a duba dalili. Musgo ƙaramin kamfani ne na garin Muskegon a jihar Michigan, wanda bai daɗe ba ya rufe a shekarun 1920, kuma yawancin allunansa murfin sokawe aka yi da su, ƙazanta ta cinye fuska ɗaya. Wannan kuwa a ɗakin ajiya na ƙarƙashin rufin wani gida aka same shi, faɗinsa ƙafa huɗu, fuska biyu, bai taɓa shan rana ba. Abu uku suka haɗu a kansa: ƙaranci, lafiyar jiki, da zane mai ɗaukar ido. In ɗaya ya ɓace a cikin ukun, farashi faɗuwa yake yi warwas.

Masu sana'ar suna ba allo maki daga ɗaya zuwa goma. Tsakanin mai maki tara da mai maki bakwai, ido na gama-gari ba zai ga wani babban bambanci ba, amma a wurin gwanjo na farkon yana iya ninka na biyun sau da yawa. Zane ma haka. Allo mai dabba ko jirgin sama ko motar tsere ya fi mai rubutu zalla daraja nesa ba kusa ba. Aku na Polly Gas, zakin Gilmore, koriyar dabbar zamanin da mai dogon wuya ta Sinclair, duk ana rububinsu. Tauraron Texaco kuwa, duk da kowa ya san shi, an buga shi dubbai, saboda haka na gama-garinsa ba ya wani tashi.

Abin da nake gani da idona a 'yan shekarun nan shi ne kasuwar ta rabu biyu. Lokacin korona mutane suna zaune a gida, gwanjo ya koma intanet, kowa ya shigo, komai ya yi tsada har da tarkace. Yanzu ƙura ta lafa. Kaya na sahun gaba, irin waɗanda ake kaiwa Morphy Auctions a jihar Pennsylvania ko manyan gwanjon motoci na Mecum da Barrett-Jackson, har gobe suna samun masu kuɗi da za su yi ta ɗaga hannu a kansu. Na tsakiya kuwa sun yi sanyi. A taron masu saye da sayar da irin waɗannan kaya, wato Iowa Gas, da ake yi duk shekara a birnin Des Moines, na ga dillalai sun loda kaya sun zo da su, sun sake lodawa sun koma gida. Ga la'adar gidan gwanjo: mai saye yana ƙara kusan kashi ashirin cikin ɗari a kan kuɗin da aka buga, shi ma mai sayarwa ana cire masa nasa. Wanda ya saya bara ya ce zai sayar bana, ko farashi bai motsa ba ya riga ya yi asara.

Har aikinmu abin ya taɓa. Da can famfo mai sabon fenti yana walƙiya shi ake so. Yanzu masu saye da yawa sun fi son a bar shi da tsufansa, a wanke kawai a tsayar da tsatsa. Maigidana yakan mayar da mutum da kayansa ya ce kuɗin gyaran zai fi abin da za a saya, kuma ina ganin girmansa saboda wannan gaskiyar.

Jabu kuma ita ce babbar cutar kasuwar. Ana buga sababbin alluna, da yawa daga Indiya, a fasa musu gefe, a zuba musu sinadari su yi tsatsa, a sayar a matsayin tsoho. Har an kafa masu tantancewa da ke manna wa na ainihi shaida. Wannan ya taimaki manyan kaya, amma ya sa sabon shiga yana tsoron sa kuɗinsa a ƙananan, su ne kuwa ƙofar da ake shigowa ta cikinta.

Game da gaba, abin da ya fi damuna shi ne shekarun masu sayen. In ka shiga taro ka duba, furfura ce ta fi yawa. Mutane ne da suka tashi a shekarun 1950 da 1960, lokacin da yaron gidan mai zai fito da gudu ya goge maka gilashi ya duba maka baƙin mai. Ƙuruciyarsu suke saye. Duk wata sai mun ji wani ya rasu, 'ya'yansa sun kira mota ta kwashe tarin shekara arba'in zuwa gwanjo a rana ɗaya. Kaya suna ƙaruwa a kasuwa, masu ƙaunarsu suna raguwa. Wasu na cewa motoci masu lantarki za su sa gidan mai ya zama tarihi, daraja ta ƙaru. Wasu kuma sun dogara da cikar shahararriyar hanyar motar nan ta Amurka, Route 66, shekara ɗari a 2026, tunda an buɗe ta a 1926, suna sa ran za ta jawo matasa. Ni ra'ayina, allon da ke da kyan da ko wanda bai san kamfanin ba zai so ya rataya a bango, wannan zai riƙe darajarsa har ya ƙara. Na gama-gari da gwangwanaye da famfunan da aka yi da yawa, ban ga abin da zai hana su ci gaba da sauka a hankali ba.

To mu dawo kan namu. Jan dokin Mobil yana cikin zanen da ake so, wannan gaskiya ne. Amma an buga shi da yawa a ƙasashe da yawa, kuma Ba'amurke ya fi son wanda aka kafa a ƙasarsa. In an haɗa da kuɗin jirgi da la'ada, abin da zai rage ba zai sayi fili ba, Auta, kada ka sa rai. Sayar da shi a kan kilo kuwa ban yarda ba ko kaɗan. Ku duba gidajen man da muka tashi muka gani. BP ya zama AP a 1979, Esso ya zama Unipetrol sannan Oando, Agip mai baƙin kare mai ƙafa shida ya shige cikinsa, National ya koma Conoil, Texaco ya koma MRS. Duk lokacin da aka canja suna, ana sauke alluna ne a jefar, 'yan gwangwan su kwashe a narkar. Ban san wani a gida da ya tsaya yana adana su ba, kuma abin yana yi mini ciwo, domin nan da 'yan shekaru za a nemi ko guda a rasa. A ƙarƙashin wannan allon Baba ya tsaya shekaru yana ba da mai, da shi aka ciyar da mu aka biya mana makaranta. Ban da haka ma kayan gado ne, ba na mutum ɗaya ba, sai abin da Inna da Yaya suka yanke.

Abin da nake roƙo, Auta, ka wanke shi da ruwa da sabulu da tsumma mai laushi kawai. Kada ka sa masa soson ƙarfe ko yashi, kada kuma wani ya ce zai taɓa masa fenti a inda ya ɓantare, wannan ne ke kashe shi. A ɗaga shi daga ƙasa saboda damina, a jingina shi a ɗaki a kan katako. Gwangwanayen da ba a buɗe ba a bar su yadda suke. Ka ɗauko mini hoton gabansa da bayansa da ramukan ƙusa, ka kuma duba can ƙasan gefensa, wani lokaci akwai ƙaramin rubutu na sunan maƙerin da ƙasar da aka yi shi. Ka auna faɗinsa da tsawonsa. Zan nuna wa maigidana, ya fi ni ido, duk abin da ya ce zan gaya muku ba ragi ba ƙari. Yaya, in kuna da hoton Baba sanye da kayan aikinsa, a haɗa shi wuri ɗaya da allon.

A gaishe mini da Kawu da Gwaggo da maƙwabta, da matar Yaya da yara. Goron Sallar yara yana cikin abin da na turo, a raba musu har da na gidan Kawu. Inna, a ci gaba da sa ni a addu'a.

Wassalam,
Ɗanku.