Godiya ga kamfanin da ya ba mu hayar mota daga Perth zuwa Adelaide

Assalamu alaikum jama'a. Na riga na tura musu godiyata da Turanci, amma wallahi zuciyata ba ta kwanta ba sai na faɗa da Hausa, saboda 'yan uwa da ke nan Ostireliya masu sha'awar irin wannan tafiya.

Hutun yara na watan Yuli muka yi niyyar ratsa ƙasar nan da irin motar nan mai ɗaki a ciki, da gado da firji da murhun gas, daga Perth har Adelaide, kusan kilomita 2,700. Sati uku ina yawon neman mota. Wani wajen ka kira inji ne ke amsa maka, danna ɗaya danna biyu, har ka gaji ka kashe. Wani kuma a intanet farashi mai daɗi, sai ka zo biya a ce ai akwai kuɗin ajiye mota a wani gari, akwai kuɗin bargo, akwai inshora ta biyu, kuɗi ya kusa ninkawa. Akwai inda na je da ƙafata, yaron da ke kan tebur ko ɗaga kai bai yi ba, na tambaye shi ya hanyar Nullarbor take, wato ƙaton busasshen filin da za mu ratsa, ya ce in duba a waya. Har uwargida ta ce mu haƙura kawai mu hau jirgi.

Sai wani abokin aikina ya nuna min wani ɗan ƙaramin kamfani kusa da filin jirgin Perth, motocinsu ba su da yawa. A nan na haɗu da wata dattijuwa mai furfura, ni dai Mama na dinga ce mata, ita kuma tana murmushi. Baiwar Allahn nan kafin ta yi maganar kuɗi sai da ta shimfiɗa taswira ta takarda, ta ɗauki biro tana zagaye min duk inda ake samun mai, Norseman, Balladonia, Caiguna, Eucla har Ceduna. Ta ce tsakanin wasu gidajen man akwai kusan kilomita 200, ko tanki rabi ne ka cika, kuma ka ɗebi ruwan sha da yawa tun daga gari don ruwa a can tsada yake. Ta ja min kunne sosai kar in yi tuƙi da magariba ko da asuba saboda kangaru, ta buɗe takardar yarjejeniya ta nuna min da yatsa inda aka rubuta inshora ba ta biya idan ka buge dabba da dare. Wancan layin sauran duk ba wanda ya nuna min shi.

Abin da ya fi taɓa ni, da ta ji na ce muna tsayawa sallah sai ta ce to ka kula da agogo, wajen Caiguna ana ƙara minti 45, a kan iyakar Ostireliya ta Kudu a sake ƙara wasu 45, kuma waya ba ko'ina take samun sabis ba. Ita ba musulma ba ce amma ta tuna min wannan. Da uwargida ta ambaci attaruhu da tumatir da za ta riƙe, ta ce mata a Ceduna akwai shingen bincike ana karɓe ɗanyun kayan lambu da 'ya'yan itace, ki dafa su tun kafin ku isa. Haka aka yi, miya aka soya aka zuba a firji.

Motar kam tsaf, ba ta ba mu matsala ba ko sau ɗaya. Duk abin da ta faɗa mun gani, miƙaƙƙen titin nan mai kilomita 146 ba kwana ko ɗaya, tireloli masu jan bodi uku da in sun wuce motar sai ta girgiza, ga allon gargaɗi mai hoton raƙumi da yara suka sa na tsaya suka ɗau hoto. A Head of Bight kuma, wani waje a bakin teku, muka ga manyan kifayen nan whale daga saman dutse.

Ni abin da ke damuna, me ya sa wannan ya zama abin mamaki? Nan da gida duk ɗaya, ka je ofis da kuɗinka a dinga yi maka kallon mai roƙo, a ɓoye maka abin da zai cuce ka sai ka sa hannu sannan a ce ai a rubuce yake. Minti arba'in kawai matar nan ta ba ni.

Mama, Allah ya saka miki da alheri, ya ƙara wa kamfaninku kasuwa. Da muka dawo uwargida ta soya cincin cike da roba muka kai mata, ta buɗe a gabanmu ta kira sauran ma'aikatan suka ɗiba.