Ku Ƙirga Ganyen Tukuna: Gyara Kan Fayin Yashi na Fulorida

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Shafinku na muhalli ya yi bayani kan bishiyar fayin da ke fitowa a farin yashin jihar Fulorida ta Amurka, wadda masana ke kira Pinus clausa. Bayanin ya yi, amma hoton da kuka ɗora ba nata ba ne. Ganyen hoton ya fi tafin hannu tsawo, ita kuwa nata bai wuce santimita 5 zuwa 9 ba.

Da ganye ake farawa: ganyen fayin kamar tsinke yake, a haɗe ƙulli-ƙulli. A tsinko ƙulli ɗaya daga reshe, a duba gindinsa. Fayin yashi tsinke biyu ne kacal a kowane ƙulli, sirara, a ɗan murɗe. In uku ne masu tsawon santimita 20 zuwa 45, to Pinus palustris ce. In biyu da uku suka gauraya a bishiya ɗaya, dogaye, Pinus elliottii ce. A ƙirga ƙulli goma daga rassa daban-daban, don ƙulli ɗaya yana yaudara, tsinke kan kakkarye.

Sai kwanson iri. Ƙarami ne, santimita 4 zuwa 8, kuma ba ya faɗuwa. Yakan shekara da shekaru a manne, har reshe ya yi kauri ya haɗiye rabinsa. A dajin Okala na Fulorida, inda fayin yashi ta fi yawa, ƙaro ne ke liƙe kwanson gam, ba ya buɗewa sai zafin gobarar daji ya narkar da shi. Uwar tana mutuwa a wutar saboda ɓawonta ba kauri, iri kuma ya zuba kan toka ya tsiro. Shi ya sa za a ga daji guda duk sa'annin juna ne. Amma kar a ce buɗaɗɗen kwanso na nufin ba ita ba ce: jinsin da ke arewa maso yammacin Fulorida da gaɓar Alabama yana buɗewa da kansa, ba wuta.

Tsayuwarta ma shaida ce: gajera, a karkace, rassa har ƙasa. Wadda ta fi rikitarwa ita ce Pinus glabra, mai gajeren tsinke biyu ita ma, sai dai waccan damshin bakin rafi take so. A duba ƙasar da aka taka.

Ga masu karatu na gida, bishiyar nan mai fito in iska ta kaɗa, da ake dasawa a makarantu ana ce mata fayin, kasuwarina ce. Ja “ganyen” nata, zai rabu gaɓa-gaɓa, don ƙananan rassa ne. Fayin gaske da aka dasa a Afaka ta Kaduna galibi Pinus caribaea ce, tsinke uku.

Da fatan za a sauya hoton.

Naku,
Wani ma'aikacin gandun daji