Wai wa ya raba mana aikin mata da na maza ne?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina yi muku fatan alheri, ku da ma'aikatanku baki ɗaya. Don Allah a ɗan sammini fili in amayar da abin da ya daɗe yana cina a rai, kan maganar nan da kullum ake jefa wa yara a gidajenmu, wai wannan aikin mata ne wancan kuma na maza, ana faɗinta da ƙarfin gwiwa sai kace da haka aka halicce mu.

Ni dai abin da na lura da shi shi ne, aiki yana zama na mata ne matuƙar kyauta ake yinsa a tsakar gida. Ranar da kuɗi ya shigo cikinsa, ko aka kawo inji, sai kaga maza sun yi caa a kai kuma babu wanda zai ce sun zubar da girma. Ku duba girki mana. Magidanci zai ce shi Allah ya kiyaye ya shiga kicin, amma wa ke soya ƙwai da indomi a teburin mai shayi tun asuba har sha biyun dare? Wa ke gasa tsire da balangu, wa ke shanya kilishi? Kukun manyan otal-otal ɗin Kano da Abuja ai yawanci gardawa ne masu gemu, suna yanka albasa suna hawaye ana biyansu albashi. Mai wanki da guga namiji ne, zai wanke kayan unguwa guda har da zannuwan matan mutane ya goge ya ninke tsaf, amma in ya koma gida matarsa na kwance da zazzaɓi kayan yaransa sai su yi kwana uku a jiƙe a bokiti don kar maƙwabta su hango shi ta katanga yana shanya. A ƙauye ɗebo ruwa na mata ne da 'yan mata, su ɗora tulu ko jarka a ka su yi tafiya mai nisa, da aka zo birni ruwan ya zama na sayarwa sai ya koma hannun 'yan garuwa da kurarsu. Niƙa ma haka, kakanninmu mata sun ƙare gwiwoyinsu a kan dutsen niƙa, da injin niƙa ya zo wa ya zauna a gabansa yana karɓar kuɗi? Fura da nono da muka sani a ƙwaryar Bafulatana, yanzu samari ne suka buɗe shaguna da firji da bilenda suna damawa suna zubawa a roba, har da su alamar shago da lambar waya. Ban ce sun yi laifi ba fa, neman halak ne, Allah ya sa albarka. Tambayata kawai ita ce, in hannun namiji bai lalace ba da ya dama fura a shago, me zai same shi in ya dama a gida?

Abin da ya fi damuna ma yaran ne, don a nan ake ƙera abin tun suna ƙanana. Yaro ɗan shekara bakwai yana son zama kusa da uwarsa yana kallon yadda take tuƙa tuwo, yana so ya riƙe muciya, sai wata gwaggo ta shigo ta daka masa tsawa, kai tashi ka fita waje cikin maza, so kake ka zama ɗan daudu? Shikenan an gama da shi. Daga ranar ya koyi cewa kusantar murhu abin kunya ne, kuma abin da mata ke yi ƙasƙantacce ne, ya fita ya je ya yi ta buga ƙwallo har magariba ya dawo ya tarar da ƙanwarsa wadda ya girme ta ta share tsakar gida, ta yi wanke-wanke, ta goya jariri, ta kai niƙa, watakila ma ta zaga da tallan gyaɗa, sannan ita za ta kawo masa abinci kuma ita za ta ɗauke kwanon. Su biyun aji ɗaya ake kai su a makaranta a ce su yi gasa. In ta yi gyangyaɗi a aji a ce mata dama ba su da kan karatu. In ya faɗi ya fashe gwiwa ya yi kuka a ce haba namiji da kuka, in ita ta hau bishiya ko ta ɗaga murya a ce wannan wa zai aure ta. Nan gaba in yaron nan ya girma ya yi aure, Allah ya sa masa tausayi ya ɗauki tsintsiya ranar da matarsa ta haihu, abokansa na majalisa su sa masa mijin tace, uwarsa ta ce an shanye mata ɗa, a fara neman malamin da zai karya asiri. Wallahi akwai mazan da ke taya matansu aiki a ɓoye, sai sun rufe ƙofar gida da sakata tukuna, da an yi sallama su yi wuf su saki wankin su ɗauki carbi.

Masu cewa haka muka gada iyaye da kakanni, to wane gadon? Don abin bai taɓa tsayawa wuri ɗaya ba. A ƙasar Hausa ta da, maza ne masaƙa da marina da masu ɗinkin babbar riga, mata kuma su ke kaɗi da mazari suna sayar wa masaƙan zare, kuɗinsu nasu ne miji ba ya taɓawa. Har gobe in ka je marinar Ƙofar Mata maza za ka gani tsugune a bakin rijiyoyin baba. Allura da zare a hannun namiji ba abin kunya ba ne a wurinmu, alhali akwai ƙasashen da ɗinki da saƙa ake musu kallon aikin mata zalla. Noma kuwa, mu a nan ana cewa mace ba ta zuwa gona, amma matan Maguzawa suna noma sosai har da gayaunarsu ta kansu, kuma ka tsallaka iyaka zuwa ƙauyukan Maraɗi da Damagaram za ka ga matan Hausawa Musulmi da hauya a kafaɗa suna noman gero, yarensu ɗaya da mu, alƙiblarsu ɗaya da mu. Masu binciken tarihin ƙasar Zazzau sun nuna cewa kulle ya ƙara yaɗuwa a karkara ne bayan da bauta ta mutu a zamanin Turawa, wadda aka soke ta gaba ɗaya a Arewa a 1936, domin a da bayi mata ne ke aikin gona da ɗebo itace, saboda haka zaman gida ya zama alamar cewa ke 'ya ce ba baiwa ba. Ka ga kenan abin da muke ɗauka tun fil azal yake, wani ɓangarensa ko shekara ɗari da hamsin bai yi ba a gidan talaka.

Maƙwabtanmu Buzaye na Agadas kuma sai su juya maka lissafin gaba ɗaya. A wurinsu namiji ne ke naɗe fuska da rawani ya bar ido kawai, babban mutum ba ya buɗe bakinsa a gaban surukansa ko da abinci zai ci, matan kuwa fuskarsu a buɗe. Tantin da ake zaune ciki na matar ne, da shi ta zo daga gidansu, in aure ya mutu mijin ne zai tattara ya fita. Su ma Musulmi ne 'yan Malikiyya irinmu. Wodaaɓe kuwa a bikin Gerewol da suke yi wajen Ingal bayan damina, samari ne ke shafa kwalli da jan ƙasa su jeru suna fari da ido suna nuna haƙora, 'yan mata su zaɓa. Ka kai wannan kwalliyar wata unguwa a nan kaga yadda yara za su bi mutum da ihu.

Sai batun addini, don na san wani zai ce malam kana so ka kawo mana aƙidar Yahudu da Nasara. A'a, ni daga Sakkwato zan ɗauko hujjata. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a cikin Nurul Albab ya yi kakkausan suka ga malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci suna koyar da ɗaliban waje, kuma ya gargaɗi mata da kar su ruɗu da masu yi musu wa'azin biyayyar miji kaɗai ba tare da sun koya musu biyayyar Allah da Manzonsa ba, har ya ambaci dafa abinci da wanki cikin abubuwan da maza ke ɗora musu don son ransu. Ba wata 'yar boko ce ta faɗa ba, Mujaddadi ne. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa ƙungiyar mata ta 'Yan Taru, tana naɗa jajoji, wato jagororin matan, ta ɗora musu malfa, su bi ƙauyuka suna karantar da mata. A fiƙihun Malikiyya ma hidimar cikin gida an rataya ta ne da al'adar gari da ƙarfin miji, matar da a gidansu ake yi mata hidima kuma mijin yana da hali, shi zai nemo mai aiki. Uwa uba kuma da aka tambayi Nana A'isha me Annabi (SAW) yake yi a gida, cewa ta yi yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin sallah ya yi ya fita, hadisin yana cikin Buhari, a wata ruwayar kuma yana ɗinke tufafinsa yana gyara takalminsa. Muna rige-rigen sunnar gemu da ɗage wando da ƙarin aure, madalla, amma wannan sunnar ta tsakar gida ban cika jin an yi mata huɗuba ranar Juma'a ba. Ciyarwa da tufatarwa da muhalli suna kan miji, wannan nassi ne babu mai ja, amma cewa in ya wanke kofin da ya sha shayi mazantakarsa ta ragu, a kawo mana ayar.

Siyasa ma haka aka yi. Matan kudancin Najeriya sun fara jefa ƙuri'a tun shekarun 1950, namu na Arewa sai 1976 aka ba su dama, kuma hujjar da aka riƙa bayarwa kenan, al'ada da addini ba su yarda ba. Hajiya Gambo Sawaba ta jam'iyyar NEPU ta sha duka da ɗauri ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba a kan wannan magana. Yau ga babban asibiti da sunanta a Zariya, kuma ranar zaɓe layin mata ya fi na maza tsawo a rumfuna da yawa, 'yan siyasar da kakanninsu suka ce haramun ne su ne ke rabon atamfa da sabulu da taliya suna roƙon ƙuri'ar. Addinin bai canja ba, mutane ne suka ga amfaninsu a ciki.

Kuma kar maza su ɗauka su suka ci riba a wannan rabon. Tun yaro yana ƙarami an gaya masa darajarsa tana aljihunsa, ga lefe akwati kaza, ga kayan na gani ina so, ga ragon suna, ga cefane kullum a wannan tsadar da aka shiga tun da aka cire tallafin mai a 2023, kuma an hana shi ya ce ya gaji ko ya ce yana cikin damuwa, sai dai ya haɗiye har hawan jini ya kayar da shi. A gidaje da yawa yanzu kuɗin ƙosai da awara da ɗinkin hula da adashin matar ne ke riƙe da tukunya, kowa ya sani, amma dole a ɓoye a ce maigida ne ya kawo don kar a raina shi. Shi yana jin kunyar abin da bai kamata ya ji kunyarsa ba, ita kuma tana wahala ba ko sannu. Ga ɗalibai maza a jami'a da masu bautar ƙasa da ko ruwan zafi ba su iya dafawa ba, kuɗinsu duk ya ƙare a wurin mai abinci, ga dattijon da matarsa ta rasu ya rasa yadda zai yi da kansa sai a yi maza a nemo masa wata, ba don komai ba sai don tuwo.

Ni ban ce a mayar da mace namiji ko namiji mace ba, haihuwa da shayarwa Allah ya riga ya raba. Tsintsiya da muciya da soso kuwa mu muka raba su, kuma a gidana na ce yaro da yarinya kowa zai wanke kwanonsa, kowa zai koyi dafa shinkafa da wake, gwaggonsu ta yi fushi ta gaji ta haƙura.

Roƙona gare ku Edita, ku tura wakilinku Jakara a cikin birnin Kano wurin matan da ke kwana gaban tanderu suna gasa gurasa, ya tambaye su nawa ke shiga hannunsu a kan kowace guda, sannan ya bi samarin da ke sarowa su yi bandashe su sayar a bakin titi ya tambaye su tasu ribar. Ku buga mana lissafin duka biyun a shafi ɗaya mu gani.

Wassalam.

Naku mai karatu a kullum,
daga Funtuwa, jihar Katsina.