Saƙonka Ya Iso, Ya Kuma Hana Ni Barci

Tudun Wada, Zariya
Daren Juma'a

Mutumina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya aiki, ya sanyin Manchesta, ya amarya da yara? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Kada ka yi mamakin ganin doguwar takarda daga mutumin da ya saba tura maka saƙon murya na minti ɗaya. Bakina cike yake da magana, kuma kai ka jawo.

Ƙaninka ya kawo saƙo tun satin da ya sauka, takalman yara da littattafai biyu. Takalman sun yi musu cif, har ƙaramin yana rigimar sai ya kwana da nasa a ƙafa. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Littattafan kuwa, na rasa godiya zan yi maka ko ƙararka zan kai, domin sau biyu suna sa ni rasa jam'in asuba, takardun jarrabawar ɗalibaina kuma sun kwana huɗu a kan tebur ko kallonsu ban yi ba.

Da mai kaurin na fara, Fourth Wing na Rebecca Yarros, wanda ya fito a 2023. Da na ga ya tasam ma shafi 500 na ce wannan sai hutun ƙarshen zango. Ashe kwana shida zai yi min. Matar nan ta san inda ake damƙe mai karatu. Ga yarinya 'yar shekara 20, mai raunin jiki, abu kaɗan gaɓarta ta goce, tun tana ƙarama ana shirya ta ta zama magatakarda cikin littattafai, rana tsaka uwarta, wadda janar ce ta soja, ta ce atafau sai makarantar mahaya dodanni. Kafin ma a karɓe ka sai ka taka wata siririyar katangar dutse can sama, ga ruwa ga iska, wanda ya zame ya tafi ke nan, washegari a karanto sunansa cikin matattu a ci gaba da harka. Su kuma dodannin nan masu fukafukai da aman wuta, su ke zaɓar wanda zai hau su. Wanda bai kwanta musu a rai ba su mai da shi toka.

Abin da ya fi burge ni, komai da ƙa'idarsa. Ƙarfin sihiri daga dodo yake zuwa, in ka janyo fiye da abin da jikinka zai ɗauka ka ƙone, in dodonka ya mutu ka bi shi. Shi ya sa gabanka ke faɗuwa da gaske. Ka tuna littattafan yaƙin da muke karɓowa haya a shagon bakin kasuwa? Sadauki ya kutsa tsakiyar dakaru dubu ɗari, ya yi ta sara da suka har rana ta faɗi, ko ƙwarzane babu. In marubuci ya rasa mafita sai boka ya duba madubin tsafi, ko aljani ya sure jarumin ya yi da shi tafiyar shekara arba'in cikin daƙiƙa arba'in. Mun sha daɗinsu, ba zan yi butulci ba, amma ko sau ɗaya ba mu taɓa tsoron jarumin zai mutu ba.

Sai dai, malam, ba ka gargaɗe ni game da soyayyar ciki ba. Saurayin ɗan madugun 'yan tawaye ne da aka kashe, kuma da hannun uwar yarinyar a ciki, ka ga tun daga tushe akwai gaba. Rabin farko, lokacin da suke hararar juna kowa na jiran wuƙar ɗan'uwansa, ya yi armashi ƙwarai. Da suka daidaita kuwa sai marubuciyar ta yaye labule gaba ɗaya. Akwai shafukan da na riƙa haɗawa uku-uku ina juyawa, ina waige kamar yaron da ya tsame nama a tukunya. Yanzu haka littafin na saman durowar kaya inda hannun babbar 'yata bai kaiwa, don Turancinta ya fara kai matsayin da zai ja mana magana.

Na biyun, Children of Blood and Bone na Tomi Adeyemi, ya ɗan kwana biyu, tun 2018, ko da yake na ji cikon na ukunsa sai 2024 ya fito. Ita a Amurka aka haife ta, iyayenta Yarbawa, sai ta ɗebo abubuwan bautar gargajiyarsu, su Oya da Shango da Yemoja, ta gina daula sukutum a kansu. Sarki ya sa an karkashe masu sihiri dare ɗaya har da uwar jarumar, 'ya'yansu kuma farin gashin kansu ya zame musu tambarin wulaƙanci. Na ƙyalƙyale da dariya da na ga ta ɗauki Ilori ta dasa a bakin teku, wai garin masunta. Na ce lallai baiwar Allah nan ba ta taɓa shan zaman mota ta hanyar Jebba ba. Har Sakkwato ta sa a ciki.

Da dariyar ta lafa sai kishi ya kama ni. Mu me muka rasa? Ga rijiyar Kusugu a Daura da macijin da ke hana ɗibar ruwa sai ranar Juma'a. Ga Barbushe da Tsumburbura a Dala. Ga kangon Surame na Kanta, ga dutsen Kufena nan kusa da mu, ga Jangare, birnin iskoki da 'yan bori ke ba da labarinsa, mai gidaje 12, kowane da sarautarsa da danginsa da abokan wasansa. Daula ce a shirye, an riga an raba muƙamai. Amma marubutanmu na yaƙi sun fi son su kwashe mu zuwa Misra da Rum da Birnin Sin. Ban ga laifinsu sosai ba. In ka ajiye boka a Birnin Sin ba mai ce maka uffan, in ka ajiye shi a gindin Dala gobe a ce kana raya bori. Mutanen da suka ga an cinna wa littattafan Hausa wuta a Kano a 2007 dole su riƙa taka-tsantsan. Duk da haka, ai Gandoki na Bello Kagara, tun 1934, da yaƙin Turawa na gaske ya fara a ƙasar nan kafin ya lula duniyar aljanu, kuma ba a ce ya bar musulunci ba.

To, duk wannan shimfiɗa ce. Ga ainihin abin da ya zaunar da ni rubutu.

Daren da na kai ƙarshen littafin dodannin, uwargida ta farka ƙarfe biyu ta gan ni da tocila a haƙora. Ta dube ni, ta ce, "Malam, ashe kai ma?" Ka san shekara nawa na yi ina yi mata tsiya kan littattafan da take karantawa a waya. Ina ce mata duk labari ɗaya ne, Alhaji mai mota, 'yar talaka mai dogon hanci, kishiya mai bin bokaye. Da safe ba ta ce komai ba, sai ta ajiye min wayarta kusa da kofin shayi, ta ce in karanta shafi biyar kawai, in bai yi min ba ta yarda ta yi wata guda ba ta buɗe zauren ba.

Kai da ka daɗe da barin gida, bari in gaya maka yadda harkar ta koma. Littafi na ɗaya da na biyu da na uku da ake sarowa daga Kano a kai shagunan haya, wannan kasuwa ta ja baya. Yanzu marubuciya a wayarta take bugawa, ta saki shafukan farko kyauta a WhatsApp ko Wattpad, sai labari ya ɗau zafi ta ce shafukan kyauta sun ƙare. Mai son ci gaba ya tura 'yan ɗaruruwan naira, ya aika shaidar biya, a jefa shi zauren waɗanda suka biya. Wasu kuma a manhajar ArewaBooks suke sakawa, waɗanda karatu ke yi wa wuya su saurara a YouTube. A saman kowane shafi za ka tarar da gargaɗi, duk wadda ta fitar min da littafi waje ban yafe ba. Kuma ana fitarwar.

Wanda ta ba ni labarin wata yarinya ce a wani ƙauyen bakin kogi, wadda aljani ya kamu da sonta tun tana zuwa ɗibar ruwa. Duk saurayin da ya kawo kuɗin gaisuwa sai ya kwanta ciwo. Uban ya ƙulla zai ba wani attajirin abokinsa ita ko ta halin ƙaƙa, sai aka ɗauko wani matashin malami ya yi mata ruƙiyya, ya zauna a zauren gidan. Ka riga ka hango inda za a je, ni ma na hango, amma tafiyar ce daɗin. An yi shafi sama da arba'in ko ido ba su haɗa da kyau ba. Ita ta zuba masa tuwo ta ɗora yaji a gefe saboda ta lura yana so, shi ya mayar da kwano a wanke. Shi ke nan zancen nasu. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai "malamin zaure". Ranar da aljanin ya bar ta ya koma kan malamin, ya maka shi da ƙasa a tsakar gida, sai ta fito a guje ba mayafi, a gaban ubanta da kawunnanta, ta ƙwala kiran sunansa.

Wallahi, mutumina, sai da tsigar jikina ta tashi. Duk shafukan nan da na tsallake a littafin Baturiya ba su kai nauyin wannan suna guda ba. Kuma na san in an juya shi zuwa Turanci ba abin da zai rage, mai karatu a can zai ce to, ta kira sunansa, sai me? Sai wanda ya tashi a gidan da uwarsa ta tsufa ba ta taɓa furta sunan mijinta ko na ɗanta na fari ba, shi zai san abin da yarinyar nan ta fasa a tsakar gidan.

Uwargida kuma ta nuna min abin da ban lura da shi ba. Ta ce in duba, duk gidan aljanin ne kaɗai ke da bakin gaya wa uban gaskiya. Yarinya ba ta isa ta ce ba ta son abokin babanta ba, amma in aljani ya hau, da bakinta zai ce wa tsohon ya ci bashi ne yake son biya da 'yarsa, kowa ya sunkuyar da kai, ba wanda zai ce ta yi rashin kunya. Tun daga ranar na daina yi wa aljanun littattafan nan kallon abin tsoratar da yara.

Kada ka ɗauka na zama ɗan kanzaginsu. Rubutun kansa yakan sa ni ciwon kai, ka san halin malamin makaranta. Ba ƙugiya, a haɗe kalmomin da ya kamata a raba, a cusa Turanci inda Hausa ke da kalma uku. A ɓata shafi guda wajen lissafa akwatunan lefe da sunan leshi. Wasu ma sun fi Baturiyar taka yaye labule, irin waɗannan uwargida ficewa take daga zauren. Masu karatu kuma su ke riƙe da linzami, in suka yi caa a sharhi cewa sai an wulaƙanta kishiya, sai ka ga marubuciya ta karkata labarin ko da bai dace ba. Amma akwai daren da shafi bai zo ba, marubuciyar ta ce ɗanta ne ba lafiya, sai ga mata fiye da ɗari suna jera addu'a, wata har da kwatancen magani. Ni da nake jin haushin rashin shafin sai kunya ta kama ni.

Yanzu in an ɗauke wuta mukan shimfiɗa tabarma a tsakar gida bayan yara sun yi barci. Ita ta karanta min shafin ranar da murya, ni kuma in ba ta labarin dodanni da Hausa, ina tsallake abin tsallakewa. Ta tsani janar ɗin nan kamar ta san ta, kullum sai ta ce wace irin uwa ce wannan. Rabon da mu yi hira mai tsawo haka wadda ba ta kuɗin makaranta ko cefane ba, har na manta.

Na san kana can kana dariya, za ka ce ustazu ya faɗa tarkon littattafan mata. Kafin ka buɗe baki, tuna wanda ya ɓoye In Da So Da Ƙauna cikin littafin kimiyya a aji huɗu, aka kama shi ido ya yi ja, ya ce wai mura ce. Ban gaya wa amarya ba har yau, amma ina da lambarta.

Wani abu kuma, kada ka yi zancen da kowa tukuna. Na tsinci wani littafin rubutu a ƙarƙashin matashin uwargida, ta cike kusan rabi. Da ta ga na gani sai ta ce gasar Hikayata ta BBC Hausa take hari, wadda aka fara domin mata a 2016, amma labarin ya ƙi tsayawa gajere. A gindin Kufena ta kafa shi. Ta ce aikina gyaran ƙugiya da rabon kalmomi, ban da sa baki a labari.

In ƙaninka zai sake zuwa, ko ka sami wani mai tahowa, ka haɗo min na biyun littafin dodannin, Iron Flame, domin matar nan ta yanke labarin a inda bai kamata a bar mutum ba. In da hali ka haɗa da na ukun da ya fito a 2025. Zan ba shi yaji da kuka da daddawa ya taho muku da su. Kilishi ka ce ba a bari a shiga da shi, ka yi haƙuri, za mu ci a madadinka.

Ka gaida amarya da kyau, ka shafa min kan yara. Inna tana gaishe ka, ta ce wai ko ka manta hanyar Zariya ne. Uwargida ma tana miƙa gaisuwa, ga ta nan tana ƙyafta min ido, shafin yau ya sauka.

Wassalam.

Naka har kullum,
Abokinka na Tudun Wada