Amsa ga Malamin da Ya Tambaye Ni Dalilin Tawayen Amurkawa

Assalamu alaikum, Malam. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na ji tambayar da ka aiko mini a shirin tarihi na gidan rediyo, inda ka ce ɗalibanka na sakandare suna so su sani ko da gaske ne saboda harajin ganyen shayi kawai mazauna yankuna 13 na Amurka, da ke ƙarƙashin mulkin Ingila a lokacin, suka yaƙe ta. Lokaci ya ƙure kafin in ba ka amsa, shi ya sa na rubuto.

Amsata ita ce yawan kuɗin bai taɓa zama tushen rigimar ba. Abin da aka yi jayayya a kansa shi ne wanda yake da hurumin ɗora harajin. Bayan yaƙin da Ingila ta gama da Faransa a 1763, bashi ya yi wa gwamnatin Landan katutu, sai majalisarta ta kafa Dokar Kan Sarki a 1765, wadda ta wajabta biyan kuɗi a kan jaridu da takardun kotu, har da karta. Mazauna Amurka suka ce su ma talakawan Sarki George na Uku ne, kuma bisa al'adar Ingila ba a karɓar dukiyar mutum sai da amincewar wakilansa, ga shi ba su da wakili ko ɗaya a wannan majalisa. Aka ce musu ai garuruwa irin su Manchester ma ba su da wakilai, amsar da ba ta gamsar da su ba. A Boston aka rataye mutum-mutumin jami'in da aka naɗa ya tara kuɗin a jikin bishiya, ba a daɗe ba ya ajiye aikin. An soke dokar a 1766, amma a rana guda majalisa ta zartar da wata da ke cewa tana da ikon yi musu doka a kan kowane al'amari.

Batun shayin shi nake so ka tsaya a kansa da ɗalibanka. Harajin taro ne, wato kwabo uku, a kan kowace laba, kuma shi kaɗai aka bari a 1770 lokacin da aka janye sauran harajin kayayyaki na 1767, don kada a ce majalisa ta sauka daga ikonta. Dokar shayi da majalisar ta kafa a 1773 ma araha ta sa shayin Kamfanin East India na Ingila ya yi. Sai dai da ire-iren waɗannan kuɗaɗe aka tsara biyan gwamnoni da alƙalai albashi, alhali a da majalisun yankunan ne suke biyan su, kuma gwamnan da albashinsa ya daina fitowa daga hannun jama'a ba shi da dalilin sauraron koke-kokensu. A New York da Philadelphia an mayar da jiragen shayin inda suka fito. A Boston kuwa Gwamna Thomas Hutchinson ya hana su tashi sai an sauke kaya, don haka a daren 16 ga Disamba, 1773, wasu mutane, cikinsu har da masu shigar Mohawk, wata ƙabila ta 'yan asalin ƙasar, suka hau jirage uku, suka farfasa akwatuna 342 da gatura, suka juye shayin a teku. Ingila ta rufe tashar jiragen garin a 1774, ta ƙwace wa yankin Massachusetts yawancin ikon mulkin kansa, sai ga harbe-harbe a Lexington da Concord ranar 19 ga Afrilu, 1775.

Ba na so ɗalibanka su ɗauki waɗannan mutane a matsayin waliyyai. A cikinsu akwai 'yan kasuwa masu fasa-ƙwaurin shayi da araha za ta karya musu ciniki, akwai masu kwaɗayin filayen 'yan asalin ƙasar da dokar 1763 ta hana su mamaya, kuma Thomas Jefferson, wanda ya rubuta a takardar 'yancin kai ta 1776 cewa an halicci dukkan mutane daidai, yana riƙe da bayi masu yawa a gonarsa. Wannan abu yana ci mini rai, kuma ya kamata a faɗa wa yara shi ba tare da kwana-kwana ba.

Duk da haka, hujjar da ta fi ƙarfi a wurina tana cikin 1778. Bayan rundunar Ingila ta miƙa wuya a Saratoga kuma Faransa ta ƙulla ƙawance da 'yan tawayen, majalisar Landan ta soke harajin shayin, ta yi alkawarin daina ɗora musu harajin tara kuɗi, ta tura tawagar sulhu. Majalisar Amurkawan ta ce ba za ta zauna ba sai an amince da 'yancin kansu ko an kwashe sojoji. Aka ci gaba da yaƙi har Janar Cornwallis ya sallama a Yorktown a 1781, sannan aka sa hannu kan yarjejeniyar Paris a 1783.

Ka gaishe mini da ɗalibanka. Wassalam.