"Bincike ya nuna": a riƙa gaya mana cikin mutum nawa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan shafi in yi tsokaci kan jimlar nan da ta zama ruwan dare a labaran lafiya da na siyasa, wato "bincike ya nuna". Sau da yawa alƙaluman da ake kawowa daidai ne, hukuncin da ake ɗorawa a kansu ne ke da gyara. Hujja kowace iri sai an haɗa ta da abin da aka riga aka sani kafin ta yi ma'ana, kuma kowa yana yin haka kullum ba tare da ya lura ba.

Ga misali daga rubutun da ke gabanmu. A boko ba ma sa alamar karin sauti ko tsawon wasali, saboda haka "kuka" ɗaya ce a takarda ko hawaye ake nufi, ko itace, ko "me kuka ce". Haka "wuya" a "ya sha wuya" da "ya riƙe masa wuya". Amma ba wanda ke tsayawa ya yi zulumi, domin kalmomin gefe sun yanke hukunci tun ido bai iso ba. Masu auna motsin ido sun gano cewa tsalle-tsalle yake yi a kan layi: ya tsaya kamar rubu'in daƙiƙa, ya haure haruffa 7 zuwa 9, gajerun kalmomi kuma sau da yawa ba ya ma sauka a kansu. Sauran duk cikon ƙwaƙwalwa ne. Shi ya sa marubuci ba ya ganin kuskurensa, abin da ya yi niyyar rubutawa yake karantawa. Masu gyaran rubutu kan bi jimloli daga ƙasa zuwa sama don su katse wannan kintace.

Gani ma haka yake. Hermann von Helmholtz, masanin kimiyya ɗan Jamus, ya bayyana a 1867 cewa gani hukunci ne da ƙwaƙwalwa ke yankewa a ɓoye. Kowa na iya gwadawa. A zana gicciye a hagu da ɗigo a dama, tazarar santimita 8 tsakaninsu. A rufe idon hagu, a kafa na dama a kan gicciyen, a matso da takardar a hankali. Wajen santimita 30 daga fuska ɗigon zai ɓace, saboda hotonsa ya faɗa daidai inda jijiyar gani ke fita daga ido, wurin da babu ƙwayoyin karɓar haske. Abin lura shi ne ba rami ake gani a gurbin ba, farar takarda ake gani. Ƙwaƙwalwa ta duba kewaye ta cike.

To ido da karatu sun yi shekaru suna koyon abin da ya fi yawan faruwa, shi ya sa kintacensu ke dacewa galibi. A ƙididdiga ne ake watsar da wannan tambaya ta "yaya yawan abin yake tun asali?", kuma nan gizo ke saƙar.

Mu ƙaddara wata cuta tana kama mutum 1 cikin 100. Akwai gwaji da ke gano masu ita 90 cikin 100, amma yana kuskuren nuna ta ga lafiyayyu 9 cikin 100. An gwada wani, sakamako ya ce yana da ita. Yawancin mutane za su ce kashi 90 cikin 100 ya kamu. A ƙirga da kawuna a gani. Cikin mutum 1,000, masu cutar 10 ne, gwajin zai kama 9. Lafiyayyu 990 ne, gwajin zai yi wa kusan 89 ƙage. Waɗanda aka ce suna da ita sun zama 98, masu ita da gaske 9 kacal, wato ƙasa da 1 cikin 10. Idan aka sake yi wa mutum 98 ɗin wani gwaji mai irin wannan ƙarfi wanda kuskurensa bai dogara da na farko ba, za a sami kamar 8 na gaskiya da 8 na ƙage, an koma rabi da rabi. Idan kuwa masu alamun ciwo kaɗai aka gwada, inda 300 cikin 1,000 ke da cutar, za a kama 270 na gaskiya da 63 na ƙage, sama da kashi 80 ke nan. Gwajin bai canza ba ko kaɗan, waɗanda aka gwada ne suka canza. Wannan shi ne lissafin Thomas Bayes, masanin lissafi ɗan Ingila, wanda aka buga a 1763 bayan rasuwarsa, kuma ba ya buƙatar komai sai tarawa da rabawa.

Rami na biyu shi ne yadda aka zaɓo waɗanda aka tambaya. A zaɓen shugaban Amurka na 1936, mujallar Literary Digest ta aika takardun jin ra'ayi kusan miliyan 10, ta sami amsa sama da miliyan 2, ta ce Alf Landon zai yi nasara. Amma abokin takararsa Franklin Roosevelt, shugaban da ke kan mulki, ya ci jihohi 46 cikin 48. Sunayen daga littattafan tarho da rajistar motoci aka fi tsinto su, a lokacin da talaka ba shi da ko ɗaya, sannan masu haushin gwamnati sun fi zumuɗin mayar da amsa. Mutum 1,000 da aka zaɓa ta hanyar ƙuri'a, inda kowa ke da dama daidai, kuskurensu ba ya cika wuce maki 3 sama ko ƙasa. Ƙuri'ar jin ra'ayi a Facebook kuwa, ko mutum dubu ɗari suka danna, ra'ayin masu dannawa kawai ta auna.

Roƙona ga wakilanku, Edita, idan za a ce haɗari ya ninka biyu, a faɗi daga nawa zuwa nawa, domin tashi daga 1 zuwa 2 cikin 10,000 da tashi daga 10 zuwa 20 cikin 100 duk ninki biyu ne. A rubuta adadin da kawuna, kaza cikin 1,000. A faɗi mutum nawa aka tambaya, wa ya zaɓo su, nawa suka ƙi amsawa. Idan kuma wanda ya kawo rahoton ya kasa ba da waɗannan, a rubuta hakan a cikin labarin.

Wassalam.

Naka,
Wani mai bibiyar jaridarku