Ba Kowane Katun Ne Na Yara Ba

Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili in ja hankalin iyaye kan wani fim ɗin katun na jarumi Batman mai suna Batman: The Killing Joke, wanda aka fitar a Amurka a 2016. Ranar Asabar na tarar da ɗana mai shekara tara ya ƙura wa waya ido, jikinsa a sanyaye, daidai inda mugun nan Joker ya ƙwanƙwasa ƙofa, Barbara Gordon ta buɗe, ya harbe ta har ta shanye daga ƙugu zuwa ƙasa. Daga nan ya ɗauki hotunanta cikin jini domin ya haukata mahaifinta, kwamishinan 'yan sanda.

Ba na zargin masu fim ɗin da ɓoye komai. Labarin ya samo asali ne daga littafin zane na Alan Moore da Brian Bolland na 1988, wanda tun farko manya aka rubuta wa, kuma a can Amurka an sa wa fim ɗin alamar R, wato wanda bai kai shekara 17 ba ba ya shiga sinima sai tare da babba. Damuwata ita ce wannan alama ba ta biyo fim ɗin zuwa shagon masu tura fina-finai a waya, inda ake haɗa shi da katun ɗin ƙananan yara a wuri guda. Ina kira ga masu wannan sana'a da su riƙa ware irin waɗannan, su kuma tambayi mai saye wa zai kalla.

Wani uba, daga Zariya.